Langa Biyu da Amanar Sambo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara ta Nariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda kika koya mini, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san ba a kai takarda inda kike. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, kina katse mai karatun kina cewa ya daina gudu, ba biyo shi aka yi ba. Masu karantawa tare da mu a wannan shafi, bismillah, tabarma na da faɗi. Roƙona ɗaya ne: kada wani ya ce kamfe nake yi. Ba zan kawo cikakken sunan kowa ba, kuma ba ni da katin jam'iyyar kowa. Da uwata nake magana.

Inna, na sauke amanarki. Na faɗa wa Sambo.

Rabona da in ci abinci in ji ɗanɗanonsa tun rasuwarki, yau shekara guda da wata biyar. Shekaranjiya kuwa na cinye tuwo malmala biyu, har maigidana yana tambaya ko baƙo na ɓoye a ɗaki.

Bari in koma baya saboda baƙinmu, ke kam kin fi ni sanin labarin. Shatu ƙawarki ce, Bafillatanar rugar da ke bayan Nariya. Tana kawo miki nono, kina auna mata gero, kuna zama a gindin turmi kuna gulmar mazajenku da Hausa rabi Fillanci rabi. Lokaci ɗaya kuka yi ciki. Kika riga ta sauka da sati biyu, kika haife ni. Tata naƙudar ta zo da gardama, a lokacin kuma babu ko asibitin sha-ka-tafi a garinmu. Aka ɗora ta a amalanken shanu aka nufi Rano, ke ma kika hau da ɗanyen jegonki, duk da faɗan da tsofaffi suka yi miki. A hanya ta haihu. Jini ya ƙi tsayawa. Ba ta ga Rano ba.

Kika dawo gida da jariri naɗe a gyalenki. Da mahaifinsa ya ce zai ware saniya guda a riƙa tatsar masa, kika ce ɗan Shatu ba zai sha na saniya ba alhali kina da biyu a ƙirji. Haka ni da Sambo muka tashi a cinya ɗaya. Har yau ina nan a kan bakana cewa shi ya shanye rabona. Duk mai shakka ya tsayar da mu tare: shi sai ya sunkuya yake shiga zaure, ni kuwa 'yan aji shida da nake koyarwa sun fara kere ni.

Ya yi karatu, ya zama malamin dabbobi, ya yi shekaru yana bin rugage da ƙauyuka da babur da jakar allura. Daga nan mutane suka tura shi takara, Allah kuma Ya ba shi kujerar majalisa. Ranar da ya zo gaishe ki da jerin motoci, kina tsugune kina tace tsamiyar kunu, ko miƙewa ba ki yi ba. Kika bari ya gama durƙusonsa da sabuwar shaddarsa a kan ƙasa, sannan kika ce, "Sambo, ni ban san majalisa ba, amma na san amalanke. Duk ranar da aka zo taɓa abin da talaka ke jingina da shi, ka tuna a kan me aka haife ka."

A ranar kika fito da langa biyu daga cikin kayan ɗakinki, ɗaya fara mai murfi, ɗaya lotsattsiya wadda fentinta ya ɓamɓare. Kika wanke ƙwallayen tsamiyar da kika tace, kika shanya. Muka ɗauka wani magani za ki haɗa. Ashe rajista kika buɗe.

Kullum bayan la'asar kina manne da rediyo, kina jiran labarin majalisa. In aka ce Sambo ya miƙe ya ƙi yarda a rage wani abu na talakawa, sai ki jefa ƙwallo a farar langa. Kin jefa lokacin da aka so janye tallafin taki ga ƙananan manoma. Kin jefa lokacin rigakafin shanu na kyauta, har kina cewa wannan ba abin yabo ba ne, danginsa ya kare. Kin jefa lokacin da aka so daina biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin jarrabawa. In kuwa aka yi irin wannan magana aka gama ba a ji sunansa ba, lotsattsiyar ce ke samun rabo. Na taɓa cewa, Inna, ai wataƙila ba a ba shi dama ba ne. Kika ce, "Shiru ma zamewa ne, sai dai ba ya ƙara."

Ke da ba ki taɓa riƙe alƙalami ba, kin fi 'yan jarida sanin inda ɗan majalisarmu ya tsaya. Shi ma ya san da langar. Duk zuwansa sai ya kawo miki batir, ya ce, "Inna, nawa na ci?" Ke kuma ki jawo farar ki girgiza masa ita a kunne. Lotsattsiyar ba kya girgizawa. Nuna masa ita kawai kike yi da leɓe.

Sai aka zo kan ciyar da ɗalibai. Ranar da aka rage shi a makarantun ƙauye, Sambo ba ya zauren ma gaba ɗaya. Ya raka wani babban jam'iyyarsu ɗaurin aure a wata jiha. Ni na ga abin da ya biyo baya da idona, don a Rurum Sabon Gari nake koyarwa. Da an kaɗa ƙararrawar tara, yara su watse neman abin sa wa a ciki, rabinsu sai gobe. Na zo na ba ki labari. Kika ɗauki ƙwallo kika saki a lotsattsiyar langa, na ji ƙararsa har tsakar kaina.

Ya aiko da buhun shinkafa, kika sa direba ya mayar da shi a motar da ta kawo shi. Ya zo da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakinki. Kika ce, "Ban san mai ɓuya na shayar da nonona ba." Kika juya masa baya kika ci gaba da tsinar wake. Yana nan a durƙushe har aka kira magariba, yana cewa ki yafe masa, ke kuma kamar da bango yake. Wallahi Inna, ranar na ji haushinsa, amma na fi jin tsoronki. Babu wanda ya san ganinku na ƙarshe ke nan.

Ciwonki bai yi sati ba. Lokacin kaka ne, ana ta yankan dawa, shi kuma aikin kwamiti ya fitar da shi ƙasar waje. Ranar Talata da hantsi kika sa kowa ya fita, kika riƙe hannuna. Ina iya maimaita maganarki harafi da harafi.

"Rakiya, na yafe wa Sambo. Nonona halal ne a gare shi, duniya da lahira, Allah shaida. Amma ki riƙe bakinki. Za su zo kan asibitin mata, na ji take-takensu a rediyo. Ki bari sai ranar ta zo kin ga inda ya tsaya, sannan ki faɗa masa. In ya ji yanzu, zai samu wurin kwanciya."

Na ce, Inna, in ya zame fa? Kika dube ni, kika ce in ba ki ruwa. Na ba ki, kika sha, kika lumshe ido. Ba ki amsa ba, har Allah Ya karɓi abinsa kafin azahar.

Inna, yau da nauyin ya sauka zan faɗa miki gaskiya: kin ba ni haushi. 'Ya'ya huɗu kika haifa, kika rasa wadda za ki ba ajiyar magana sai ni, da kika raɗa wa Mai-baki tun ina rarrafe. Ni da ko kwalliyar sallah ba na iya ɓoyewa har ranar sallah. Kuma kika tafi kika bar ni da rabin umarni, babu bayanin abin da zan yi in abin ya karkace.

Ya iso bayan an rufe ki. Ranar sadakar uku ya ja ni bayan rumbu, idonsa jajur, ya ce, "Rakiya, don Allah, me ta ce a kaina?" Na ce ta ambace ka. Ban yi ƙarya ba, amma na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Ya gane cewa in da alheri ne da ban tsaya a nan ba. Ya ce to, Allah Ya jiƙanta, ya juya. Mutumin da ya fi kowa tsawo a gidan, ranar sai na ga ya koma ƙarami.

Duk Juma'a sai ya kira ni. Ya tambayi yara, ya tambayi makaranta, sai ya tsaya yana jiran in kawo maganarki. Ni kuma in hau surutun farashin masara. Ya rame. Ya sa aka yi miki saukar Alƙur'ani ba sau ɗaya ba, ya haƙa rijiya da sunanki a bakin hanyar ruga. Matarsa ta same ni a wani suna ta ce, Yaya Rakiya, in akwai abin da kika sani ki taimaka, mutumin nan ko nama aka sa masa sai ya ture. Na ce ta ci gaba da addu'a. Da na koma gida na shige banɗaki na yi kuka, don nan ne kaɗai yara ba sa bina.

Har wurin Malamin unguwarmu na je, na ba shi labari ba tare da sunaye ba. Ya ce amana amana ce, in riƙe, amma kada in yi ƙarya. Na ce in sharaɗin bai cika ba fa? Ya shafa gemu ya ce Allah Ya sa ya cika. Na ce a raina, ashe Malam ma irinki ne, ruwa kawai bai nema ba.

To Inna, abin da kika hango ya zo. Da aka kawo kasafin bana, sai ga batun tsuke bakin aljihu, kuma cikin abin da za a yanke har da awon ciki na kyauta, da kayan haihuwa, da ungozomomin da aka ɗauka wa ƙananan asibitocin ƙauye. Kin san Malama Asabe ta asibitinmu na Nariya, wadda ta karɓi haihuwar jikokinki uku. Tana cikin waɗanda za a sallama. In ta tafi, ginin zai zama wurin shan inuwar awaki, matan Nariya da na ruga kuma su koma hanyar Rano da naƙuda. Amalanke ya zama babur, shi ke nan bambancin.

A lokacin kuma an ba Sambo shugabancin wani kwamiti, da mota, da ofis mai sanyi. A kasuwar Kibiya na ji da kunnena ana cewa an cika masa baki, ba zai tofa ba. Na so in tanka, sai na ga ba ni da abin kare shi. Ni ma tsoron da nake ji ke nan.

Na jawo rediyona na sa batir, na ce zan yi yadda kike yi. Sai Binta, ƙawata ta makarantar horon malamai wadda yanzu take buga takardu a majalisar, ta kashe mini jiki. Ta ce irin wannan magana ba da suna ake yanke ta ba. Shugaban majalisa zai ce masu goyon baya su ce e, a yi ihu, masu adawa su ce a'a, a yi ihu, ya buga guduma. Babu wanda zai san muryar wa ke ciki. Mutum zai iya cewa e da ƙarfi a zaure, ya dawo ƙauye ya rantse a'a ya ce. Ta ce wasu ma baki kawai suke motsawa. Na ce to ni da wace shaida zan sauke amana? Ta ce sai dai in zo in gani da idona, akwai benen 'yan kallo, za ta samo mini takardar shiga.

Matsalar ita ce kada ya gan ni. In ya hango ni a sama, ko ya tsaya ba zan san don Allah ya tsaya ko don idona ba, ke kuma ba wannan kika aike ni dubawa ba. Sai na ari niƙabi wurin maƙwabciyata. Inna, da kin ga Mai-baki a cikin niƙabi da kin yi dariya har kin ƙware. Na hau motar farko daga tashar Rano, ina tafe ina tuntuɓe, gilashina yana ta yin hazo. A ƙofar majalisa wata ma'aikaciya ta kai ni gefe ta ɗaga ta duba fuskata, ta ga gumi kamar an tsamo ni daga rafi, ta ce Hajiya lafiya? Na ce lafiya lau, sabon shiga ne.

Daga sama na hango shi, layi na uku, farar hula, hannu a haɗe a kan tebur. Aka buɗe da addu'a, aka yi 'yan gaishe-gaishe, aka zo kan maganar. Jagoran 'yan jam'iyyarsu ya miƙe ya yi bayani mai santsi, wai ba yankewa ba ce, daidaitawa ce, wai ciwon na ɗan lokaci ne. Wani ya goya masa baya, wani ma ya goya. Wani dattijo daga ɗaya ɓangaren ya yi adawa, ana ta hira a kansa kamar ba magana yake ba. Sambo bai motsa ba. Ko kai bai ɗaga ba. Na riƙe ƙarfen benen har yatsuna suka yi sanyi, ina cewa shi ke nan, Rakiya, za ki mutu da maganar nan a ciki, shi kuma ya mutu yana zaton uwarsa ta tafi da fushinsa.

Shugaba ya ce masu goyon baya. Zauren ya ɗauka kamar kasuwa ta ci. Ya ce masu adawa. Muryoyi 'yan kaɗan, ban ma iya tantance ko da tasa a ciki ba. Ya ɗaga guduma.

Sai Sambo ya miƙe. Duk tsawon nan da ya samu da rabona, ranar ya yi amfani. Ya ce bai gamsu da ihu ba, dokar zauren ta ba kowane ɗan majalisa damar neman a kira suna ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ya nema. Shugaba ya yi kamar bai ji ba. Na kusa da shi ya kama gefen rigarsa yana ja ƙasa, na ga rigar tana zamewa daga kafaɗarsa. Bai zauna ba. Ya gyara rigar ya sake faɗa, a hankali, yadda kike maimaita magana in kin riga kin yanke.

Da aka ga ba zai zauna ba, aka ba shi minti biyu. Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na riƙe:

"Ranka ya daɗe, ni a kan amalanke aka haife ni, tsakanin Nariya da Rano, a kansa kuma uwata ta cika. Matar da ta shayar da ni ba ta iya karatu ba, amma tana da langa biyu da ƙwallon tsamiya, duk inda na tsaya a zauren nan tana ajiyewa. Rana ɗaya na ɓuya, ta rasu ba ta sake yi mini magana ba. Kowannenmu akwai tsohuwa irinta a mazaɓarsa. In abin da za mu yi yau alheri ne, kowa ya sa sunansa a kai, ta samu abin jefawa."

Dattijon nan na ɗaya ɓangaren ya miƙe ya mara masa baya, sai wata 'yar majalisa ita ma ta miƙe. Aka yi ta cacar baki, aka buɗe littafin dokoki, aka rufe, aka sake buɗewa. Ƙarshe dai akawu ya ɗauko jerin sunaye, 'yan jaridar da ke gefena kuma duk suka gyara zama suka fito da biro.

Inna, a nan na ga ikon Allah. Mutanen da suka cika zaure da ihu ɗazu, da aka fara kiran suna sai waya ta yi ta shigo musu. Wannan ya fita amsawa, wancan ya tuna alwalarsa ta karye tun kafin a kira salla. Wani da na ga jijiyar wuyansa lokacin da yake cewa e, da aka kira sunansa sai ya yi tari, ya dubi benenmu, ya ce a'a da 'yar siririyar murya. Wasu sun tsaya a kan e ɗinsu, ban kuma raina su ba, aƙalla sun sa suna. Da aka zo kan Sambo ya ce a'a, bai ɗaga murya ba. Akawu ya tattara ya miƙa. Shugaba ya duba takardar ya daɗe, sannan ya ce ragin bai samu rinjaye ba, a bar wa asibitocin ƙauye abinsu. Ya buga guduma.

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. A cikin niƙabi, a benen majalisa, na rangaɗa ta irin wadda kike yi in an sauka lafiya. Ma'aikaciyar nan ta ƙofa ta zo ta kama hannuna ta fitar da ni, tana faɗa tana danne dariya. Na zauna a gindin wata bishiya a waje, na cire niƙabin, na yi kuka mai daɗi, na sayi ruwan leda biyu na shanye.

Kada in yi miki ƙarin gishiri. Ba a mayar da ciyar da ɗalibai ba, 'yan ajina har yanzu suna watsewa da tara. Kafin sati ya zagayo an karɓe kwamitin, an karɓe motar, manyan da yake raka wa ɗaurin aure sun daina ɗaga wayarsa. Ana cewa da wuya su sake ba shi takara. Amma Malama Asabe tana nan. Na biya ta wurinta, na tarar da mata a jere a kan benci da katin awo a hannu, har da 'yan ruga uku da ƙoren nononsu a ajiye a gefe.

Ranar Juma'a ni na riga shi kira. Na ce ya same ni a Nariya bayan an sauko masallaci. Ya zo a motar haya, shi kaɗai. Na buɗe ɗakinki, wanda ba a taɓa komai a ciki ba, muka zauna a bakin gado. Kafin in yi magana ya ce, "Guɗar nan taki ce ko? Duk jihar nan babu mai irin wannan maƙogwaro." Da sauri na ce tun yaushe ka san ina wurin? Ya ce sai da aka buga guduma, da ya sani tun farko ma da ya sa an kawo mini ruwa. Na ce alhamdu lillahi.

Sai na faɗa masa. Na maimaita maganarki yadda kika faɗe ta, da ranar, da lokacin, har da cewa tun kafin ki cika kika yafe. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, yana cewa Inna, Inna, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa aka gano shi. Na jira ya yi mini faɗan wata goma sha bakwai da na bar shi a wuta. Bai yi ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ta san ni. Da kin faɗa mini a bayan rumbu, da wataƙila rigar nan da aka ja na bi ta na zauna."

Na ce to saura abu ɗaya, yau farar langa tana da rabo. Na durƙusa na jawo ƙullin daga ƙarƙashin gado, a ɗaure cikin tsohon zanenki yadda kika bar shi. Tun rasuwarki ban iya taɓa shi ba. Na kwance.

Farar langa tana nan da ƙwallayenta. Lotsattsiyar kuwa babu komai a ciki, Inna. An wanke ta tas, an kife. Har na ranar ciyar da ɗalibai babu. A bakin zanen kuma ga wani ɗan ƙulli, irin wanda kike yi wa goro. Na warware da haƙori. Ƙwallon tsamiya ne guda ɗaya, kin ware shi kin ajiye a gefen farar langa, yana jira.

Ashe kin amsa mini tambayata. Ni ce ban duba ƙarƙashin gado ba. Ke ba ki taɓa shirya wa zamewarsa komai ba, shi ya sa kika nemi ruwa. Shekara da wata biyar ina tsoron abin da ke ko a ranki ba ki sa ba.

Na miƙa masa ƙwallon. Ya ce a'a, ba a ba ɗan majalisa ya rubuta wa kansa sakamako. Ni na jefa. Ya ɗauki langar ya girgiza ta a kunnensa, yadda kike yi masa, muna dariya hawaye na zuba. Daga nan ya ce yunwa yake ji. Matar Yayanmu ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya cinye nasa ya jawo nawa, na buge masa hannu na ce wanda ka sha a baya ya isa.

Na taho da langar duka biyu gidana, da rediyon. Lotsattsiyar ma ban jefar ba, na kuma faɗa masa a gabansa, don kasafi duk shekara ake yi, ni kuma ban kai ki yarda da mutane ba. Ya ce ya ji, zai riƙa kawo batir.

Inna, ki yafe mini haushin da na ji. Ki yafe mini ranakun da na kusa sakin baki, sun fi a ƙirga. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ruwan rijiyar nan da kowane jaririn da aka karɓa lafiya a Nariya su zama nauyi a mizaninki. Allah Ya haɗa ki da Shatu a inuwa ɗaya, ki gaya mata da bakinki cewa ɗanta ya tsaya. Allah Ya ba Sambo ƙafar tsayawa a gaba, ko da kujera ko babu. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sada mu da ku cikin aminci. Amin.

Taki har abada,
Rakiya Mai-baki,
wadda sau ɗaya a rayuwarta ta iya riƙe shi.